Zama kamar ruwa: rashin matsaya ne?

Tambaya: An mayar da ni wani sashe a wurin aiki, inda tsarinsu ya sha bamban da wanda na saba. Yayata ta ce in zama kamar ruwa. Ni kuwa ina ganin hakan bi-yarima-a-sha-kiɗa ne. Me za ki ce?

Amsa: 'Yar'uwa, yayarki ta yi gaskiya, fassararki ce ta karkace. Ruwa yakan ɗauki siffar mazubinsa, ya daskare a digiri 0, ya tafasa a digiri 100, amma sinadarinsa ba ya canzawa. Ki sauya lokacin zuwa, salon rubuta rahoto, har yadda kike magana a taro. Amana da gaskiya kuwa kada ki taɓa su.

Kuma wa ya ce ruwa rago ne? Kogin Kolorado a Amurka ya shafe miliyoyin shekaru yana cin dutse, har ya haƙa kwazazzabon Grand Canyon mai zurfin fiye da mita 1,500.

Abin da na hango a wasiƙarki shi ne har yanzu zuciyarki tana tsohon sashe. Daina cewa "mu can ba haka muke yi ba". Ki ba kanki wata uku kina kallo da tambaya, sannan ki kawo gyara.