Amsa ga ƙanenmu mai tsoron gudu zai cinye masa ƙwanji

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena, na ga tambayarka: shekara biyu kana ɗaga ƙarfe, yanzu kana son shiga gudu mai nisa, amma abokai sun ce maka gudu yana zubar da ƙwanji. Nima na sha wannan fargaba, shi ya sa na kasa yin shiru.

Maganarsu tana da tushe. A 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya sa mutane suna haɗa ɗaga ƙarfe da gudu da tuƙa keke har mako 10. Da farko ƙarfinsu ya yi ta hawa, daga wajen mako na 7 sai ya tsaya, har ya soma komawa baya. To amma su kusan kullum suke yin duka biyun, da tsanani. Jiki bai samu sararin gyara kansa ba.

Irin wannan ce ta same ni. Na fara da ƙarfen siminti da muka zuba a gwangwani a unguwar Zariya ta Maradi, har na kai ina tsugunawa da kilo 100. Da na shiga gudu sai na ɗora shi a kan tsohon tsarina ban rage komai ba: asuba kilomita 10 a hanyar Tibiri, yamma kuma ɗaga ƙarfe na motsa ƙafafu. Wata biyu ban cika ba gwiwa ta fara ciwo, barci ya gagara, kilo 80 ma ya zame mini dutse.

Abin da ya fisshe ni shi ne raba shekara. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gudu ne babba: sau huɗu a mako, ƙarfe sau biyu kawai, mai nauyi amma ɗagawa kaɗan, kamar biyar-biyar sau uku. Wannan ya isa ya riƙe maka ƙarfin da ka tara. In bazara ta shigo, Afrilu da Mayu, zafin Maradi na haura digiri 40, sai in mayar da ƙarfe gaba, gudu ya koma sassarfa ta minti 30 bayan sallar asuba. Don Allah kada ka yi gudun nisa da rana a wannan lokaci, ba jarumta ba ce.

Ranar da ka yi ƙarfen ƙafa, kashegari kada ka yi dogon gudu. In dole ne su haɗu rana ɗaya, bar aƙalla awa 6 tsakaninsu. Kuma yawancin gudunka ya zama wanda za ka iya hira da abokinka kuna tafe.

Sai ciki. Yawancin masu cewa gudu ya rame da su, abincin ne bai ƙaru ba. Mai kilo 70 yana buƙatar wajen giram 110 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana. Ba sai ka sayi garin furotin na gwangwani mai tsada ba: wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli, nono, nama in ya samu. Ni in na dawo daga gudu, fura da nono nake fara sha kafin komai.

Yau ina gudun kilomita 21, kuma kilo 90 yana hannuna. Goman da na rasa ban yi nadamarsa ba. Faɗa mini kwana nawa kake samu a mako, sai mu tsara naka tare.