Yadda ƙurar fure ke faɗin tsohon yanayin Aktik

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake sanin tsirran da suka taɓa fitowa a yankin Aktik, wato yankin sanyi na ƙarshen arewacin duniya. Fadamun can cike suke da taɓon ruɓaɓɓun tsirrai mai tsami da ƙarancin iska, shi ya sa ƙurar fure ba ta lalacewa. Ana haƙo taɓon, a auna shekarun kowane mataki na zurfinsa da kabon-14 (sinadarin da ke raguwa a hankali a jikin mataccen tsiro), a ƙirga ƙwayoyin ƙurar a madubin likita, a gane irin tsiron da kowace ta fito. Masanin kimiyya Lennart von Post na ƙasar Suwidin ya gabatar da dabarar a 1916.

Da ita da tsofaffin kututture aka gano cewa shekara 8,000 baya, daji a Saiberiya ta ƙasar Rasha ya zarce iyakarsa ta yau zuwa arewa, domin bazara ta fi ta yau ɗumi. Ni dai na fi yarda da kututturen, saboda iska na kwaso ƙurar wasu bishiyoyi daga nesa ƙwarai.