Cibiyar nauyi, kifewa, da sunan a-kori-kura

Wani ɗalibin kanikanci daga Kaduna ya ji a rediyo cewa a-kori-kura mai lantarki ba ta kifewa saboda "cibiyar nauyinta tana ƙasa". Yana tambaya ko wannan Hausa ce.

Hausa ce, ɗana, ban ga aibunta ba. Cibiya tsakiya ce, a nan kuwa ana nufin inda nauyin abu ya tattaru. Ɗan kamasho a tasha bai san sunan ba, amma ba ya ɗora buhunan masara a kan katifu. Batirin F-150 Lightning, a-kori-kura mai lantarki wadda kamfanin Ford ya fara sayarwa a Amurka a 2022, ya kai kusan kilo 800, kuma shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar tsakanin tayoyin gaba da na baya, sai ya ja cibiyar ƙasa. Hukumar kula da lafiyar hanya ta can tana auna tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, ta raba da ninki biyu na tsayin cibiyar. Yawan abin da ya fito, wuyar kifewa.

Inda mai rediyon ya ɓata shi ne "ba ta kifewa". "Ba ta cika kifewa ba" ya kamata ya ce. Yawancin kifewa tuntuɓe ke kawo ta: mota ta zame, taya ta daki dakalin titi ko ta nutse a yashi. Ka yi mata lodi har sama, ka ɗaga cibiyar da hannunka.

Gara shi ma, ya ce kifewa. 'Yan jaridarmu na yanzu komai "mota ta faɗi". Haba! In tayoyin gefe ɗaya suka ɗaga, ta jirkice. In ta kwanta a haƙarƙari, ta tuntsure. In tayoyi huɗu suna kallon sama kamar an kifa ƙwarya, nan ne ta kife. In ta yi ta juyawa kuwa, wuntsilawa ke nan. Kakanninmu ba su hau mota ba, amma sun bar mana kalma huɗu, mu kuma lalaci ya sa muka riƙe ɗaya.

Wata malama daga Maraɗi: wace kura ake kora a a-kori-kura?

Ba ta daji ba ce, Hajiya. Kurar da 'yan dako ke turawa ce, wadda motar ta ƙwace wa ciniki.

Wani kuma yana so in ba shi karin maganar da ta dace da direba mai shan kwana a guje.

Sauri ya haifi nawa.