Amsa: digiri na biyu a fannin tattalin arziki da harkar kuɗi

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin tattalin arziki, kana son na biyu don ka samu shiga banki ko kamfanin zuba jari. To, gyara iliminka na lissafi tukuna. Kwas ɗin ƙididdiga ce zalla. Ni ranar farko da na ga allo cike da alamomi har ƙasa, sai da na koma littafin aji ɗaya. Ka ƙware a manhajar lissafi ta Excel, ka ɗan taɓa Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta.

A Ingila shekara ɗaya ake yi, ba sararin numfasawa. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya mai suna Chevening kuwa sai kana da gogewar aiki ta shekara 2. In zuba jari ka nufa, duba jarrabawar CFA (ta shaidar ƙwarewa a nazarin harkar kuɗi) mai mataki 3, wadda ake iya yi ana aiki.