Shin ya halatta in bar 'yata ta riƙa rubuta dayari?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, 'yata ce 'yar shekara 11 na saya mata dayari tana rubuta abin da ya faru da ita kullum, sai yayata ta ce wai kwaikwayon Turawa ne. Dan Allah ya abin yake, kuma zan iya karantawa ba ta sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, ya halatta. Wannan al'ada ce ba ibada ba, asalin al'adu kuma halal ne sai dalili ya zo da hani, kamanceceniyar da aka hana ita ce a abin da ya keɓanci addininsu, biro da takarda kuwa na kowa da kowa ne. Ai babban malamin nan Ibnul Jauzi da ya rasu a 597 bayan hijira haka yake kama tunanin da ya faɗo masa ya rubuta kada ya gudu, har ya zama littafin Saidul Khaɗir. In ma kin koya mata ta rubuta yau na yi sallolina, yau na ɓata wa ƙanwata rai gobe zan ba ta haƙuri, to ta fara hisabin kai da aya ta 18 a Suratul Hashri ta yi umarni da shi.

Abin lura, malamai sun ce alƙalami ɗayan harsuna biyu ne, kada ta cika shi da aibin ƙawaye, littafi yana faɗawa hannun wani wataran, shi ke nan giba ta tabbata. Laifin da Allah Ya rufa mata asiri kuma tuba ake yi, ba a adana shi a takarda.

Batun leƙe nan ne iyaye muke kuskure gaskiya. Allah Ya ce "wa la tajassasu", wato kada ku yi leƙen asirin juna, a Suratul Hujurat aya ta 12, kuma ranar da ta gane kina buɗewa a ɓoye wallahi ko ta daina rubutun ko ta koma rubuta abin da kike son gani, kin ga an koya mata ƙarya kenan. Ki gaya mata tun yanzu littafin nata ne, sai dai in kin ga alama mai ƙarfi ta cutarwa, kamar wani babba yana bibiyarta ko tana maganar cutar da kanta, a nan dubawa ta halatta gwargwadon buƙata don amana ce a wuyanki, kuma kada ki kai abin da kika gani gaban 'yan uwa. Wallahu a'alam.