Filin Tambayoyinku: Asalin Salla da Gyaran Rafkanwa

Tambaya: Malam, tun farkon Musulunci salloli biyar ake yi kamar yanzu? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a. An farlanta su ne a daren Isra'i da Mi'iraji, kafin hijira zuwa Madina ta shekarar 622. Hamsin aka fara wajabtawa, Annabi Musa (AS) ya yi ta ba Annabi (SAW) shawarar ya nemi sauƙi, har suka dawo biyar da ladan hamsin. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa raka'a bibbiyu aka fara yi, daga baya aka ƙara wa mazaunin gida, aka bar matafiyi a kan biyun. Alƙibla ma Baitul Maƙadis ce, sai bayan wata 16 ko 17 da hijira aka juya zuwa Ka'aba.

Tambaya: Ina yawan rikicewa tsakanin ƙabli da ba'adi. Wanne ake yi, kuma yaushe? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, dukkansu sujada biyu ne na gyaran rafkanwa a salla: ƙabli kafin sallama, ba'adi bayanta. Ƙa'idar a mazhabar Malikiyya gajera ce: in an yi ragi, ƙabli; in an yi ƙari, ba'adi; in sun haɗu, ƙabli. Shafi'awa kan yi kafin sallama ne kawai, Hanafawa bayanta. Asalin ƙabli da ba'adi daga aikin Annabi (SAW) ne. Ya taɓa miƙewa bai zauna tahiyar farko ba, ya yi sujada biyu kafin sallama. Ya kuma taɓa sallamewa a raka'a biyu, wani sahabi, Zul Yadaini, ya tunatar da shi, ya cika sauran, ya yi sujadar bayan sallama.

Yadda ake ƙabli: kin gama tahiyar ƙarshe, ki yi kabbara ki yi sujada biyu, ki sake tahiya, ki sallame. Ba'adi kuwa sai kin sallame, sannan ki yi niyya, sujada biyu, tahiya, sallama.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne zaton sujadar tana gyara komai. Sunna kawai take ɗinkewa, kamar sura bayan Fatiha, ko tahiyar farko, ko kabbarori biyu. Wanda ya bar ruku'u ko sujada ɗaya dole ya kawo abin da ya bari, in kuwa sujada ce ya bari har ya ɗago daga ruku'un raka'a ta gaba, waccan raka'ar ta ɓaci, sai ya maye gurbinta. Haka kuma ba a yi wa mustahabbi ƙabli. Wanda ya manta alƙunutu ya yi masa sujada kafin sallama ya ɓata sallarsa, kamar yadda ya zo a littafin Ishmawi.

Tahiyar farko tana da nata bayani. In kin tuna kafin hannuwa da gwiwoyi su rabu da ƙasa, ki zauna, babu komai a kanki. In sun rabu, ki wuce, ki yi ƙabli. In kin koma bayan kin miƙe, salla ta yi, amma da ba'adi.

Kokwanton raka'a uku aka yi ko huɗu: ki ɗauki uku, ki ƙaro ɗaya, ki yi ba'adi. Amma tunda kin ce abin yana yawan faruwa, ki lura: mai fama da wasiwasi kullum ba ya ƙara raka'a, ba'adi kawai zai yi, don biye wa shakkar ƙara mata ƙarfi yake yi.

Ba'adin da aka manta ana yin sa ko bayan shekara. Ƙabli ba haka yake ba: in an jima, kuma sunnoni uku ne aka bari, sai an sake sallar. Mamu kuwa liman ya ɗauke masa rafkanwarsa. In ya zo a makare ya samu raka'a, ya bi liman a ƙabli, ya jinkirta ba'adi har ya gama ramuwa.