Wuya, Kafaɗa ko Ƙugu: Ina Nauyin Kyamara Zai Sauka?

Ga tambayoyin wasu masu ɗaukar hoto, kowacce da amsarta.

Ina ɗaukar hoton taro, wuni guda a tsaye. Kafin dare wuyana ya riƙe, ko waiwaye ba na iyawa. Ina tsoron kada sana'ar nan ta nakasa ni.

Sannu 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, abin yana da magani. Yawanci laifin maratayin da ke zuwa cikin kwalin kyamara ne: siriri ne, kuma a bayan wuya yake tara nauyin duka. Babbar kyamara da batirinta ta doshi kilo 1, babban lensin jawo nesa (70-200 mai f/2.8) kuma kusan kilo 1.5. Ba a halicci wuya don wannan dakon ba.

Ki koma wa maratayi mai ratsa ƙirji, daga kafaɗar hagu, kyamarar ta kwanta a ƙugun dama. Inda ya hau kafaɗa ya kasance mai faɗi, da soso a ciki. Ki rage tsawonsa har hannunki ya kai ga kyamarar ba tare da kin sunkuya ba. In ya yi tsawo, za ta riƙa dukan cinyarki. In kyamara biyu kike riƙewa, sayi mai hawa kafaɗu biyu. Babban lensi kuma a ƙafar zoben ƙarfen da ke kewaye da shi ake ɗaura maratayi, don kada nauyinsa ya sassauta bakin kyamarar, inda lensi ke shiga. Amma idan ciwon ya fara gangarowa hannu, ko yatsu suna sagewa, ki ga likita kafin ki sayi komai.

Na ga maratayi mai tambarin BlackRapid, sanannen kamfanin yin maratayin kyamara, da araha ƙwarai. In saya?

Kada ka saya, Malam, da alama jabu ne. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya mallaki kyamara, sai ya zo kan abin da zai riƙe ta ya fara neman na banza. Araha ba ta ado. Tambari kowa na iya bugawa, ƙarfe ne ba ya ƙarya. Ƙugiyar jabu galibi da gaurayen tutiya ake zuba ta, an shafe ta da fenti tana sheƙi. Irin wannan ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi farat ɗaya, galibi a wuyan da ke juyawa. Kuma ba ya karyewa kana zaune, sai kana sauri a kan siminti.

Kafin ka ba da kuɗi, duba ɗinkin inda igiya ta haɗu da ƙarfe. Mai kyau ana yi masa ɗinkin murabba'i da gicciye a ciki, ko layuka masu kauri da aka maimaita. Layi ɗaya tal da zare yana leƙowa, ajiye musu kayansu. Ƙugiyar ta kasance tana da makulli mai murɗawa. Sukurun da ke shiga gindin kyamara, mai awon 1/4-20, dole ya zo da robar da ke hana shi kwancewa, ya kuma shiga sumul. In yana cijewa, zai cinye haƙoran ramin da yake shiga, gyaran kuwa ya fi maratayin tsada. Ko na asalin ne ma, sukuru yana saki da jijjigar tafiya. A taɓa shi kowace safiya kafin a fita, a kuma ƙara 'yar igiya ta biyu zuwa kunnen kyamara. Mutane nawa ne ke yin haka? Kaɗan ne, shi ya sa masu gyara ba sa rasa aiki.

Wace kalar jaka ce ta fi nuna cewa ni ƙwararre ne?

Hotonka ne zai nuna. Jaka mai ihun sunan kamfani ɓarawo kawai take kira.

Jakar kafaɗa ko ta goyo?

Kyamara ɗaya da ƙananan lensi biyu, ta kafaɗa ta isa, kuma ta fi saurin buɗewa. Da kaya sun wuce kilo huɗu ko tafiya ta yi nisa, ta goyo, amma mai ɗamarar ƙugu mai kauri. A fara ɗaure ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, sannan a ja na kafaɗa. In aka juya tsarin, kafaɗa ce za ta sha wahala. Mafi nauyi ya zauna jikin bayanka, kowane lensi a ɗakinsa, kada ya yi motsi in an girgiza jakar. Ka gwada ta da kayanka a ciki, don jakar da babu komai kowacce daɗi ne da ita. Kada kuma ka mai da ita ma'ajiya: lensin da ya daɗe a rufe cikin danshi da duhu fumfuna yake yi, ta kuma ci fuskar gilashin.

Zan hau jirgin sama, in ba da jakar a sa cikin manyan kaya?

A'a, riƙe ta a hannu. Batiran litiyam da ba sa jikin na'ura ma doka ta hana sa su can. A rufe bakinsu, a shiga da su. Tambayi kamfanin jirgin nauyin da suka yarda da shi, wasu kilo 7 ne iyakarsu.